Babi na Shida: Kaka da Jika a Jirgin Ƙasa

"Anya tsohuwa za ta iya da yaron nan a hanya?" Tambayar da ke yawo a gida ke nan duk ranar da kaka ta ce za ta tafi ganin dangi a nesa, kuma da jikanta za ta. Uwar yaro ba ta furtawa saboda kunya, amma abin yana ranta. Idan aka ce har da jirgin ƙasa a tafiyar, sai zullumin ya ƙaru, domin a Maine Soroa da Diffa da ƙauyukan kwarin Komadugu akwai manya da yawa da ba su taɓa sa ƙafa a tarago ba.

Za ta iya. Dattijo ma zai iya da jikarsa. Jirgi ya fi mota tausayin tsoho da yaro nesa ba kusa ba. Sai dai akwai shirin da ake yi tun daga gida, kuma mafi wuyarsa bai shafi kuɗi ko kaya ba. Ya shafi irin zaman da ke tsakanin kaka da jika.

Ina jirgin yake?

Mutumin Maine sai ya sha hanya kafin ya ga layin dogo. Jihar Diffa ba ta da shi. A Nijar baki ɗaya, layin da aka shimfiɗa shi ne na Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya gina tsakanin 2014 da 2016, kuma bai zama hanyar fasinja ta yau da gobe ba. Jirgin da iyayenmu suka sani shi ne na Nguru. Layin ya iso can daga Kano a 1930, ta Ringim da Malam Madori, fatake suka riƙa kai shanu da fatu da ƙaro da gyaɗa ana lodi. Na Maiduguri ya iso a 1964. A yau mai tafiya da yaro ba zai dogara da ko ɗayansu ba.

Wanda ya amsa sunan doguwar tafiya shi ne tsohon layin Kano zuwa Legas, mai kilomita 1,126. Jirgi ya fara shiga Kano a 1911. Bayan layin ya daɗe a kwance, an farfaɗo da jigilar fasinja a Disambar 2012, tafiyar kuma takan ci awa 30 ko fiye, wato yini da kwana da wani yinin. An sha dakatar da shi ana maidowa, saboda haka ba a barin gida sai wani ɗan'uwa a Kano ya je tasha da ƙafarsa ya tabbatar yana aiki. Akwai kuma sababbin layuka masu gajeren zango: Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, da aka buɗe a Yulin 2016, da Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, da aka buɗe a Yunin 2021. Wanda Allah ya kai shi Umara da jika zai tarar da jirgin Haramaini, wanda tun 2018 yake cinye kilomita 450 na tsakanin Makka da Madina cikin ƙasa da awa uku. Na kusa da mu, wato layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021.

Ke nan tafiyar jirgi ga mutumin Maine da mota take farawa: Gudumariya, Gure, Damagaram, kusan kilomita 400, sannan a gangara ta Matamai da Daura zuwa Kano. Hanyar Gaidam da Gashuwa ta fi kusa, amma tun da rikicin Boko Haram ya tsallako Diffa a 2015, ba a binta da yaro sai an tambayi waɗanda suka bi ta a makon. Shawarata ta farko ita ce a huta a Kano kwana biyu kafin a shiga jirgi. Yaron da ya wuni a bas, aka tashe shi da asuba aka kai shi tasha, da kuka zai fara tafiyar.

Batun tsaro ma ba a ɓoye shi. A ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga sun kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari da dare, suka kashe mutane suka tafi da wasu daji, jirgin bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba na shekarar. A saurari labarai, a tambayi mutanen wurin, kuma inda akwai zaɓi a ɗauki jirgin safe.

Abin da ya fi mota da shi

A bas, yaro yana matse a cinya, ba ya fitsari sai direba ya ga dama, ga ramuka ga shingayen bincike. A jirgi yana da hanyar da zai miƙe ƙafa, akwai bayan gida, tsohuwa kuma za ta iya tashi ta warware gwiwa. Yaran da mota ke sa su amai sukan samu sauƙi. Don haka idan aljihu zai ɗauka, a saya wa yaro kujerarsa ko da an ce shekarunsa ba su kai na biya ba. A tsohon jirgin Legas akwai taragon kwana mai gado, kuma ga mai ɗauke da ƙaramin yaro kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Inda ake ajiye wasa

A ƙasar Hausa, kamar yadda yake a gidajen Barebari da Fulani da muke zaune tare, jika abokin wasan kaka ne. Yaro ya ce da kakarsa "matata", ya ɗauke mata goro ya ruga, ita kuma ta bi shi da "maigidan da ba ya cefane". Kaka namiji ya kira jikarsa amarya, ta ce ita ba ta son mai furfura. Yaron da ba ya iya haɗa ido da ubansa, shi ne mai hawa wuyan kakansa. Wannan zumunci abu ne mai daɗi, kuma shi ya sa yaro yake murnar tafiya da kaka fiye da kowa.

Amma yaro ya saba cewa "bari" ɗin kaka ba ta da hukunci a bayanta. Idan ta ce zo, gudu yake yi don ta biyo shi. A tsakar gida ba komai, domin hararar uba tana nan kusa. A tasha babu uba, jirgi kuma bai san Hajiya ba. Direban motar garinmu yakan jira fasinjan da ya tsaya alwala, yaron mota ya ƙirga kawuna kafin a tashi. Matuƙin jirgi yana can gaba, taragu da yawa tsakaninsa da kai, lokaci yana cika zai ja. Ko ya hango mutum a kan layi ya taka birki, ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe da nauyin ɗaruruwan tan, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Saboda haka kafin a bar gida, a zaunar da yaro a gaban iyayensa a ƙulla yarjejeniya. A samu alama guda wadda idan kaka ta yi ta, wasa ya ƙare. Mafi sauƙi ita ce ta kira shi da sunansa na yanka, tunda kullum da laƙabi take kiransa. Idan sunan mijinta ko na mahaifinta ya ci, ba ta iya faɗa, sai a zaɓi wata, kamar ta kama tsintsiyar hannunsa ta ce "tsaya". Uban ne zai faɗa da bakinsa: "Ka ji ko? In Kaka ta yi haka, ni ne na yi magana." A gwada abin a kasuwa ko a bakin titi kwanaki kafin tafiya. Kaka kuma ta riƙe amanar alamar, kada ta ɓata ta a kan ƙananan abubuwa kamar zubar da ruwa ko ƙin cin abinci, domin idan ta yawaita, ta koma wasa ita ma.

Wurin farko da ake bukatar alamar shi ne bakin dandamalin da jirgi ke tsayawa. Yaro yana jin usur zai so ya leƙa ya ga kan jirgi. A tsaya baya sosai har sai ya tsaya cik. A tsofaffin tashoshi mutane kan tsallaka layi don yanke hanya, wasu har su ratsa ƙarƙashin taragon da ke tsaye. Mai riƙe da yaro ba ya bin su, ko da zagayen ya yi nisa.

Sai matakala. Tsakanin dandamali da ƙofar tarago akwai rata, kuma ƙafar ɗan shekara biyar tana shigewa. Wajen shiga, yaro ne a gaba, babba yana bayansa. Wajen sauka, babba ne ke fara taka ƙasa, ya juyo ya karɓe shi. A riƙe tsintsiyar hannu, domin yatsu suna suɓucewa in an yi turereniya. Mai lafaya ta tattare ta, mai babbar riga ya naɗe hannayenta a kafaɗa. Hannu ɗaya na yaro ne kawai, kaya kuma a ba ɗan dako. Abin da ya fi faruwa a nan ƙarami ne: silifas ɗin yaro ya zame ya faɗa ratar, yana hango shi a kan tsakuwa, sabo fil da aka saya don tafiyar, sai ya fizge hannu ya duƙa. A faɗa masa tun a gida cewa duk abin da ya faɗa nan ya tafi, za a saya masa wani. Gara ma a sa masa takalmi mai maɗauri.

A cikin jirgi, mahaɗar tarago biyu ba wurin yaro ba ce, ƙasanta yana motsi, kuma a tsohon jirgi akan bar ƙofofin waje a buɗe saboda zafi. Tagar da ke buɗewa ba a fitar da kai ko hannu, reshen ƙaya ba ya sallama. A zaunar da yaro ta jikin taga, kaka ta zauna ta bakin hanya, yadda ba zai fita ba sai ya tsallake ta.

Na ƙarshe shi ne tsayawar hanya. Jirgi zai tsaya a wani gari, masu talla su yanyame tagogi da dafaffen ƙwai da rake da ayaba, wasu fasinjoji su sauka. Tsayawar tana iya zama ta minti biyu, tana iya zama ta awa guda. Kada kaka ta sauka ta bar yaro, kada kuma ta aike shi. A saya ta taga, a tanadi canji tun da wuri. In ƙaddara ta sa aka rabu, yaro ya san abin yi: ya tsaya inda yake, ya nemi ma'aikaci mai kaki ko mace mai goyo. Babba kuma ya nufi shugaban tasha nan take, shi ne mai iya kiran tasha ta gaba.

Takardu

Jika ba ɗanka ba ne a idon jami'in kan iyaka, kuma saboda masu safarar yara, yana da hujjar tambaya. A riƙe takardar haihuwar yaro, da takardar izinin iyaye mai hatimin ofishin magajin gari ko na 'yan sanda, da katin rigakafinsa, da na cutar shawara. Dokokin iyaka suna sauyawa: an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar Cedeao a Janairun 2025. A tambaya kafin a tashi. Tun Disambar 2022 ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya wajen yankan tikitin Abuja zuwa Kaduna, saboda haka mai masauki ya binciko takardar da ake karɓa daga baƙo.

A samu ɗan farin ƙyalle a rubuta sunan yaro da lambar wayar ubansa, da 227 a farkonta, da lambar mai masauki a Najeriya, a ɗinke a cikin rigarsa. Takarda a aljihu wanki ɗaya ko gumi ya ishe ta. Kowace safiya a ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa. Idan Barbarci ko Fulatanci ya fi ji, a koya masa faɗin sunansa da na garinsu da Hausa. Hausa za ta kai ku har Jebba ba gargada, daga can kuma ba a rasa mai jinta a tarago.

Guzuri

Fura da nono ba sa kwana a zafi. Abin da ke jure hanya shi ne busasshe: kilishi marar yaji sosai, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, biredi, garin rogo. Bandar kifin Komadugu tsaraba ce mai daraja, amma ba a ba yaro ita a jirgi mai girgiza saboda ƙaya. Gyaɗa da aya ma a hana ɗan ƙasa da shekara huɗu, suna shaƙewa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kuma kada ranar tafiya ta zama ranar gwada abincin da cikinsa bai sani ba.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci. A ɗauki wanda aka amince da shi, fiye da yadda ake zaton za a sha, domin jirgi na iya lalacewa a daji. A haɗa da buta da sabulu, ruwan bayan gidan jirgi yakan ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba. Kaka ce za ta raka yaro bayan gida kowane lokaci, ta wanke masa hannu da sabulu. In gudawa ta kama shi, a dama garin gishiri da sukari na asibiti. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. Zazzaɓi mai zafi, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan komai, wannan ba a jira a kai Legas. A sauka a babban gari na gaba, Kaduna ko Minna ko Ilorin, a nufi asibiti. Asarar tikiti ba komai ba ce.

Rigar sanyi kada a manta da ita ko da bazara ce. Na'urar sanyaya sababbin taragu tana kaɗa yaron da ya taso a zafin ƙasar Manga, wato yankin su Maine.

Jikin mai riƙon

Kakanni sukan shirya wa jika komai su manta da kansu. Maganin hawan jini da na ciwon suga su zauna a jakar hannu tare da takardu da tabarau, ban da akwatin da za a cusa ƙarƙashin kaya. Mai ciwon suga kada ya bar cikinsa ba komai. Duk bayan awa ɗaya ko biyu a tashi a taka, zaman wuri ɗaya yana kumbura ƙafa. Kuma idan tafiyar ta haɗa da kwana, ina ganin mutum na uku wajibi ne, ko da matashi ne daga cikin 'yan gida. Barci ba ya shawara da tsoho, kuma yaro guda shi ne iyakar abin da mutum ɗaya zai iya tsarewa. Jikoki biyu sai manya biyu.

Sallah tana da sauƙinta ga matafiyi: ƙasaru, da haɗa azahar da la'asar, da magariba da lisha. A tambayi malami yadda ake yi kafin a tashi, a shiga da alwala. Lokacin da kaka ke sallah, yaro yana gefenta ta jikin bango, ba a hannun wanda aka haɗu da shi yau ba, komai kirkinsa.

Taga

Duk wannan tsaro ana yinsa ne don a samu natsuwar cin moriyar tafiyar, moriyar kuwa tana taga. Da yawa sukan miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Cajin wayar na ranar bukata ne, kuma abin da ke wucewa a waje ya fi abin da ke cikinta.

Jim kaɗan da barin Kano, jirgi zai hau gadar kogin Challawa. A nuna wa yaro ruwan, a ce masa na gida ne. Challawa ce ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu, wadda manoman Diffa ke ban ruwan tattasai da ita kafin ta faɗa tafkin Cadi. Yaron da ya ji haka ya fahimci abin da ya sa dattawa ke ambaton madatsar Tiga ta kan kogin Kano duk shekarar da kogi ya makara.

Daga nan sai a sa shi ya lura da itatuwa. Ya baro tuddan rairayi da goruba da ƙaya. Zai ga kuka da ɗorawa da kaɗanya suna yawaita wajen Zariya, gero ya ba dawa da masara wuri, bayan Kaduna ya fara ganin kunyoyin doya da manyan duwatsu. Zungeru, wadda yau ƙaramin gari ce, nan ne hedikwatar Turawan mulkin Arewa kafin su koma Kaduna, nan kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. A Jebba jirgi zai tsallaka kogin Kwara, wato Neja. Wannan shi ne kogin da ya ratsa Yamai, wanda ƙasarsu ta ci sunansa, kuma mai yiwuwa yaron Maine ya fara ganinsa a nan, a wata ƙasa, domin Yamai ta fi kilomita 1,200 daga gida. Bayan Ilorin kuma sai kwakwar manja da duhun daji da rufin kwano mai tsatsa. Wasu wuraren dare zai haɗiye su, a dawowa sai a rama.

Yaro zai yi tambayoyin da kaka ba ta da amsarsu. Maƙwabcin kujera yakan sani, kuma ta haka ake sabo a tarago. Da rana a yi kacici-kacici, a ƙirga tashoshi da gadoji. Tatsuniya a bar ta sai dare kamar yadda aka gada. Idan ta ƙare, a shiga labarin gida: wane ne ya haifi wane, yadda aka yi dangin da za a gani suka baro Manga suka zauna a kudu, wace shekara aka yi fari, wa ya taɓa kora shanu zuwa Nguru da ƙafa. A gida hidima da hayaniyar sauran yara ba sa barin a yi irin wannan hira, a nan kuwa yaro ɗaya ne, kunnensa duka na kaka ne, ga awa 30 a gaba.

Idan jirgi ya kusa isa, a tashi yaro da wuri, a kai shi bayan gida, a sa masa takalmi, a ƙirga kaya. A bar masu sauri su fita tukuna. A ƙofar tasha, ko Iddo ce a Legas ko Rigasa a Kaduna, wata hidimar ce ke jira: masu mota suna jan jaka, titi mai layi huɗu, gidan da yaro bai san kowa ba, da abincin da bai saba da shi ba. Yadda ake sauka da jika a babban birni, a zauna lafiya a gidan mutane har ranar komawa, shi ne abin da babi na gaba zai duba.